Ciwon Maƙwabciya

Auta ta matso da fuskarta kusa da allon kwamfuta, ta ja dogon tsaki. Na'urar ta riga ta gama nata aikin. Ta ɗauki hoton ɗan naman da aka tsinko daga bakin mahaifar wata mata, ta zagaye ƙwayoyin da suka lalace da jan layi, ta sa su a mataki mafi muni. Saura likita ta duba da idonta ta tabbatar, kuma Auta ce likitar. Samfuran ba sa zuwa mata da suna, lamba kawai.

"Dogo, zo ka ga abin takaici," ta ce wa mai yanka samfuran. "Wannan ba ciwon jiya ba ne. Sankara ce, ta kama sosai. Wai matar nan ba ta da 'ya'ya ne? Ba mai lura da ita?"

"Likita, ke dai da faɗa," in ji Dogo. "Ko kwamfutar nan tsoronki take ji."

Ta sake bin hoton lungu-lungu ko za ta kama na'urar da kuskure. Ina! Gaskiya ta faɗa. Auta ta tabbatar, kuma da aka ce mai samfurin tana ƙasa tana jira, ta sauka da kanta don a gaggauta fara magani.

Nas ɗin sashen mata ta tare ta a ƙofa. "Matar nan, baiwar Allah, da ƙyar ta yarda aka ɗauki samfurin. Kunya kamar ta nutse. Sai da muka ce mata kwamfuta ce ke dubawa." Ta nuna da haɓa. "Ga ta can, ƙarshen benci."

Auta ta duba. Mahaifiyarta ce zaune, ta rungume jaka a cinya, ta rame har zoben hannunta yana yawo a yatsa. Yaushe ta rame haka? Auta ta nemi ranar da ta yi mata kallon tsaf na ƙarshe, ta rasa.

"Mama, me kike yi a nan?"

Tsohuwar ta zabura, sannan ta gyara mayafi. "Au, Auta. Ai na ɗauka kina can sama. Saƙo na zo karɓa. Na maƙwabciyar nan tawa da na taɓa ba ki labari."

Sai maganar ta faɗo wa Auta. Bara ne, a waya, tana tsakiyar aiki. Mama ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta ce wai wata maƙwabciyarta ce ke ganin jini bayan al'ada ta daɗe da ɗauke mata, ko akwai wani magani? Ita kuwa Auta, ido a kan allo, ta ce, "Ki ce mata ta je asibiti, Mama, zan kira ki anjima." Ba ta tambayi wace maƙwabciya ba. Ita da ta san duk matan layin nan tun tana goye! Da ta yi tambayar, da shirun Mama kaɗai ya ishe ta amsa. Ta ji ta tsani kanta.

Ta zauna a gefenta. Mama ba ta kalle ta ba, tana ta murza hannun jaka.

"An ce na'ura ce ke dubawa," in ji Mama a hankali. "Ba wanda ya gani, ko?"

"Na'ura ce, Mama."

"To, madalla. Matar akwai kunya." Sannan ta ce, "Ke da kika san aikin, irin wannan ana warkewa?"

Auta ta buɗe baki. Bayanin da ta saba zuba wa 'ya'yan wasu ya ƙi fitowa. Ta kamo hannun tsohuwar, ta ji shi ba nauyi.

"An makara kaɗan, amma akwai abin yi. Ki ce mata ta shirya gobe da sassafe. Ni zan zo in ɗauke ta."

"Aikinki fa?"

"Ki dai gaya mata, Mama."

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta share ido da bakin mayafi.

"Za ta ji daɗi," ta ce. "Ta daɗe tana jira ki tambaye ta."