Saniyar Aro a Cikin Kwamfuta

Da aka aiko wa Ɗanbala ya zo ofishin ƙungiyar masu shanu a Gwaram, ya zaci maganar allura ce. Ya jingine babur ɗinsa a gindin dalbejiya, ya shiga da sandarsa a kafaɗa. Ya tarar da Alhaji Hadi, manajan ƙungiyar, tare da wata mace mai tabarau a gaban kwamfuta. Sunanta Mansura, injiniya ce, an ɗauko ta ne ta haɗa musu na'urorinsu.

Ga yadda abin yake. Ƙungiyar tana da kwamfuta biyu da ba su san juna ba. Ta Gwaram ta san saniyar da aka yi wa rigakafi. Ta Birnin Kudu, a wurin karɓar madara, ta san wanda ya kawo nono da saniyar da aka tatsa. Sai masu sayen madarar suka ce ba za su ƙara karɓar nonon saniyar da ba a tabbatar da allurarta ba. Dole kwamfutocin biyu su yi magana da juna.

Bayan gaisuwa Mansura ta juyo masa da allon.

"Baba, ka ga nan. Kowace saniya na yi mata gida ɗaya. Ga gurbin lambar kunne, ga na ranar allura, ga na mai ita. Wannan abin da na haɗa, mahaɗi, shi ke ɗaukar bayani daga nan ya kai Birnin Kudu. In na nan da na can sun dace, saniya ta wuce. In sun saɓa, ya tsayar da ita."

"To ni ina ruwana a ciki?"

"Akwai wata fara mai baƙin kunne. A nan sunanka ne a kanta. A can kuwa sunan Malam Safiyanu na Yalwan Damai."

Ɗanbala ya san saniyar. Jikar saniyar da mahaifinsa ya fara ba shi ce. Shekarun baya ciwon huhu ya shiga garken Safiyanu ya share shi, mutumin da a da shi ke ba wasu aro ya wayi gari ba ko ɗan maraƙi. Ɗanbala ya kora karsanar da kansa ta bayan gari, ya ɗaure ta a turken abokinsa, ya sha ruwa ya juyo. Haka iyaye suka yi. Ka riƙe ta, ka sha nononta, 'ya'yan da ta haifa naka ne, in garkenka ya tashi ka mayar da uwar. Kuma wanda ya ba da aro ba ya faɗa. Mutanen Yalwan Damai sun ɗauka sayenta Safiyanu ya yi, Ɗanbala kuwa ya ƙudura haka za su ci gaba da ɗauka.

Alhaji Hadi ya gyara zama. "Malam Ɗanbala, sayar masa ka yi?"

"A'a."

"To sace ta ya yi?"

"Alhaji, in ka sake haɗa sunan Safiyanu da sata, ni da kai ba a ofis za mu ƙarasa ba."

"Yi haƙuri. To mene ne?"

"Saniya ce."

"Na san saniya ce, ai ban ce akuya ba. Ta wa?"

"Tana cin ciyawa, an yi mata allura, nononta fari ne. Me kuma ya rage wa injin naku?"

Mansura ta cire tabaraunta. "Baba, ni 'yar Sundimina ce, a cikin shanu na tashi. In abin da nake zato ne, ba kai kaɗai ba ne, akwai wasu da mahaɗin ya tsayar. Zan iya ƙara gurbi ɗaya a gidan kowace saniya. Ga mai ita, ga mai riƙo. Shi ke nan ta wuce."

"Wa zai gani?"

"Mai karɓar madara a Birnin Kudu."

"Ikrima? Wanda in ya ji magana da hantsi, kafin azahar 'yan kamasho a tasha sun haddace ta? Rufe gurbin kada ya gani."

"Ba zai yiwu ba, Baba. Masu sayen sun ce duk sunan da ke kan saniya sai ya fito a gabansa."

"To ban ce komai ba, ke ma ba ki ji komai ba."

"In haka ne," in ji Alhaji Hadi, "daga gobe za a mayar wa iyalin Safiyanu da nononsu. Ba ni na tsara ba."

Ɗanbala ya dubi allon. Bai iya karanta shi ba, amma ya ga layin da aka shafa wa ja. Ya san da nonon nan ake sayen gishiri da sabulu a gidan Safiyanu. Ya kuma san fuskar abokinsa in aka ce masa a gaban mata, koma da ƙwaryarka, saniyar ba taka ba ce.

"Goge sunana," ya ce wa Mansura.

"Baba?"

"Goge shi. Rubuta nasa a nan ma. Ba dacewa kuke so ba? To sun dace."

"In na yi haka, duka na'urorin biyu za su ce tasa ce. In wani abu ya faru, yau ko gobe, magada za su zo nan su duba."

"Su duba. Ni da shi mun san abin da muka sani. Kwamfuta ba ta nan ranar da na ɗaure ta."

Mansura ta taɓa madannan. Jan layin ya ɓace.

"Akwai wani abu kuma, Baba…"

"Na gama," in ji shi, ya fice.

Abin da bai bari ta faɗa ba shi ne, ta saita mahaɗin yadda duk saniyar da aka sauya wa mai ita, sai saƙo ya tafi wayar sabon mai ita, don kada a cuci wani a ɓoye.

Ranar kasuwar Gwaram, Ɗanbala yana cikin layin masu karɓar dusa a ƙofar ofishin, sai ga Safiyanu ya sauko daga bas. Dogo ne, ya rame, rawaninsa a karkace. Bai tsaya gaisawa da kowa ba. Ya jawo hannun Ɗanbala gefe, ya ɗaga masa waya a fuska.

"Mene ne wannan?"

"Waya ce."

"Kada ka yi mini wannan, Ɗanbala. An karanta mini. Wai an mayar da saniya sunana. Na roƙe ka?"

"Rage murya."

"Na ce na roƙe ka? Aro na karɓa. Aro ana mayarwa, mutum ya ɗaga kansa. Wannan da ka yi sadaka ce. Yaushe na zama abin ba sadaka?"

"Rubutu ne kawai, don a karɓi nonon iyalinka. Saniya tana nan yadda take."

"Rubutun ƙarya, da sunana a kai. In na mutu 'ya'yana su cinye haƙƙinka, a tambaye ni a kabari?"

"To me kake so in yi? In tsaya in ce wa Ikrima abin da ba a faɗa?"

"Kai ne ba ka da ikon faɗa," in ji Safiyanu. "Ni wa ya hana ni?"

Ya saki hannunsa ya nufi ƙofa. Ɗanbala ya riƙo rigarsa, ya fizge. 'Yan layi suka buɗa masa. Mansura na zaune a wurinta, Alhaji Hadi na tsaye, ƙofa a buɗe, kowa na ji.

"Ke ce mai haɗa injin?"

"Ni ce, Baba."

"Fara mai baƙin kunne ta Ɗanbala ce. Aro ya ba ni lokacin da garkena ya ƙare. 'Yan maruƙan nawa ne, uwar tasa ce, kuma da ƙafata zan kai masa ita. Rubuta haka. In Ikrima yana so ya faɗa a tasha, a ba shi lasifika."

Ba wanda ya yi dariya. Mansura ta dubi Ɗanbala, wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana huci.

"Ni ban ce komai ba," in ji shi.

"Ba kai aka tambaya ba," in ji Safiyanu.

Ta buɗe gidan saniyar, ta ƙara gurbin mai riƙo, ta mayar da sunan Ɗanbala inda yake, ta sa na Safiyanu a ƙasa. Ta jira mahaɗin ya kai bayanin Birnin Kudu ya dawo. "Ta wuce," ta ce.

Daga cikin layi wani dattijo ya yi gyaran murya, ya matso yana kallon ƙasa. "'Yar nan, in kin gama da tasa, akwai wata ja a wurina. Ita ma a duba ta."

Ɗanbala ya koma layi, ya tarar an cike wurinsa. Safiyanu ya fito ya tsaya kusa da shi.

"Ka zubar mini da mutunci a gaban mutane," in ji Ɗanbala. "Yanzu kowa zai ce na yi don a sani."

"Su ce. Kana da wuri a babur? Bas ɗin nan ya karya mini baya."

"Sai na karɓi dusata."

"To karɓi. Ina jira."