Wadda Ta Leƙa Harajin Halvard

Shekara talatin Halvard yana gyaran rufin gidaje a wani ƙaramin gari na bakin teku a Norway, bai taɓa karɓar ko sisi ba tare da ya yanka rasit ba. Abokan sana'a har suna suka laƙaba masa, wai ɗan lelen gwamnati. Shi kuwa ko a jikinsa, an tsikari kakkausa.

Bana aka fitar da kwangilar rufin cocin garin, aikin da zai riƙe shi har ya ajiye guduma. Steinar, tsohon abokin aikinsa, ya zo ya karya farashi warwas. Yo me zai hana, mutumin da rabin aikinsa a hannu ake biyansa, hukuma ba ta ji ba ta gani? Gunvor matar Halvard ta shiga damuwa, har abinci ya daina shigar mata.

Ana haka aka buɗe jerin haraji na shekara, inda kowa ke iya duba abin da maƙwabcinsa ya samu da abin da ya biya, sai dai duk wanda ka leƙa za a nuna masa sunanka. Halvard ya buɗe nasa yana kurɓar kofi. Suna ɗaya ya gani: Borghild, shugabar kwamitin cocin, tsohuwar da ko kifi ba ta saye sai ta juya shi ciki da bai.

"Gunvor, ci abincinki," in ji shi. "Aikin nan namu ne."

Ta ce ya rufa mata asiri, kwamitin ko zama bai yi ba. Ya ce ai wadda ta leƙa shi ta leƙa Steinar, ta kuma ga cewa shi Steinar ɗin, mai sabon jirgin ruwa da motoci biyu, a takarda ko mai wankin kwanuka ya fi shi samu.

Ranar Alhamis Borghild ta bugo waya. Ba ta ja zance ba, ta ce kuɗin jama'a ne, ba za ta damƙa su ga wanda ba ya zubawa a asusun gwamnati ba, don haka aikin na Halvard ne.

Bayan mako guda sai ga Steinar a ƙofar gida, yana kame-kame, wai ko ana neman ƙarin hannu. Halvard ya ji tausayinsa, don ya san mutumin ya iya aiki.

"Zo Litinin ƙarfe bakwai, mutumina," ya ce. "Ka taho da katin harajinka, in ka tuna inda ka jefa shi."