Shuɗin Alli a Kan Noti

Haƙori ne ya kai ni birni ranar, ba zumunci ba. Kwana uku ina fama da kumburarren kunci, na hau motar farko, ina isa asibiti aka ce likitan haƙori ya yi tafiya sai jibi. Na fito ina tsaki, na tsaya bakin titi ina jiran motar komawa, sai na ji an rangaɗa mini kira daga tsallake: "Barkono! Kai Barkono, uban 'yan zafin kai!"

Shekara goma sha biyu rabon da wani ya kira ni da sunan nan. Tulu ne, mai gyaran wayar mota a garejin da muka yi aiki tare. Ya ƙara ƙiba, tumbi na riga shi tsallaka titi. Ya rungume ni har haƙorin ya amsa.

"Yau ba inda za ka," in ji shi. "Ga Maigida can a mota, ga Ɗan Gayu. Abinci za mu ci, da la'asar mu wuce wajen lauya. Maigida zai sa hannu ya bar wa Ɗan Gayu garejin, ni ne shaida."

Da na ji sunan Ɗan Gayu, wallahi ciwon haƙorin nan ɗif ya ɗauke.

Bari in gaya muku dalili. A garejin Maigida akwai doka guda da ba a wasa da ita: in ka ɗaure notin taya, sai ka ja masa layi da alli, sannan ka wuce na gaba. Ɗauri tukuna, alli daga baya. Kowa da launinsa, nawa shuɗi, na Ɗan Gayu fari. Shi kuwa Ɗan Gayu, da zarar Maigida ya juya baya, sai ya bi notin nan duka ya shafe su da alli, wai don ya huta da ɗauka da ajiyewa, sannan ya dawo ya ɗaure. Wata ranar Talata ya ari allina saboda nasa ya ƙare, ya shafe notin wata bas, aka kira shi waya, ya tafi bai dawo kanta ba. Bas ta fita. A shataletale tayar gaba ta fice, mota ta daki sandar fitila. Direban bas ɗin kuwa Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ma ya kawo ni garejin da hannunsa. Ƙafarsa ta dama ta karye wuri uku, bai sake riƙe sitiyari ba.

Aka duba noti, aka ga shuɗin alli. Na yi rantsuwa har muryata ta dushe, Ɗan Gayu ya ce shi bai taɓa ko ganin bas ɗin ba. Aka kore ni. Korar ba ta dame ni ba, na koma garinmu na buɗe 'yar rumfar faci. Abin da ke cin raina Yaya ne. Tun daga ranar in na gaishe shi, "lafiya" kawai yake cewa, ya kau da kai. Matarsa ce ke karɓar saƙona a bakin ƙofa.

To ga ni a kujerar bayan motar Ɗan Gayu, kusa da Maigida. Tsohon ya rame, amma aljihun rigarsa har yanzu fari fat da garin alli. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka yi furfura."

"Baba, ai dole," na ce.

Ɗan Gayu ya leƙo ni ta madubi yana washe baki, agogo na ƙyalli a hannunsa. Yanzu surukin Maigida ne, 'yarsa ta fari yake aure. "Barkono, har yanzu ana faci?"

"Ana yi, ranka ya daɗe. Kowa da abin da hannunsa ya iya."

Muka zaga gari. Tulu ya nuna mini inda silima take a da, yanzu shagon katifa ne. Muka tsaya a gidan abincin da muke zuwa ranar biyan albashi, benci ɗaya bai canza ba, har ƙusar nan da ke yaga wando tana nan. Aka kawo shinkafa da kifi. Tulu ya tuno ranar da ya haɗa wayar hon da ta birki, duk inda mai motar ya taka sai ta yi kuka, muka yi dariya har Maigida ya ƙware. Ni ma na yi dariyar, ba zan yi ƙarya ba, na yi kewar mutanen nan. Amma duk lomar da Ɗan Gayu ya kai baki, ƙafar Yaya nake gani.

Na ce zan je in kurkure baki saboda haƙori. Na fita, na zaga bayan motar, na tsuguna kamar mai ɗaura takalmi, na cusa tsinken ashana a bawul ɗin tayar baya. Shekara goma sha biyu ina faci, in ban iya sace iskar taya shiru ba ai na yi asarar zama.

Muna fitowa taya ta kwanta. Ɗan Gayu ya kama ƙugu ya dube ni. "To, ga sarkin faci a kusa."

Na dafe kunci. "In na sunkuya jini zai hau mini kai. Ai mai gareji ba ya rasa hannu."

Tulu ya ce shi waya ya sani, kuma tumbinsa ba ya lanƙwasuwa. Dole Ɗan Gayu ya naɗe hannun riga, ya fito da jak da sifana, ya cire taya ya ɗora ta ajiya, ya murɗa notin da yatsu. Maigida, wanda ko tayar baro ce sai an yi mata alli, ya laluba aljihu ya miƙa masa guntu. Na ja tsohon kusa, na ce, "Baba, matso inuwa." Inuwar kuwa daidai kan tayar take.

Hali zanen dutse. Mutumin nan ya daɗe yana ba da umarni, ya manta akwai mai kallonsa. Ya karɓi alli, shar, shar, shar, ya bi noti biyar ya ja musu layi, ko ɗaya bai taɓa da sifana ba. Ya miƙa hannu zai ɗauki sifanar, na taka ta da ƙafa.

"Baba, duba nan. Tulu, kai ma duba. An yi alli. An ɗaure?"

Tulu ya sunkuya da ƙyar, ya murɗa noti ɗaya da yatsa biyu, ya juya salin-alin. Ya ɗago ya dubi Ɗan Gayu, bakinsa a buɗe.

"Haka ya yi wa bas ɗin Yaya," na ce. "Da allina. Baba, yau ka gani da idonka."

Na zaci tsohon zai yi salati. Sai ya dubi ƙasa ya ce, "Na sani, ɗana. Ni na koya masa aiki, na san hannunsa. Tun ranar na sani."

"Ka sani?"

"Saura wata ɗaya aurensa da 'yata. Na ce kai yaro ne mai hannu, za ka samu wani wuri."

Jama'a, da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na ɗauki sifanar, Ɗan Gayu ya ja da baya yana kare fuska, ya ɗauka kansa zan fasa. Sai na ajiye ta a kan dakali na zauna a kanta.

"Motar nan ba ta tashi," na ce. Na fito da waya, na lalubo lambar Yaya, na buɗe murya yadda kowa zai ji. "Baba, abin da ka faɗa yanzu shi za ka maimaita masa."

"Barkono, ka rufa mana asiri, a titi muke," in ji Ɗan Gayu.

"Shi ma a titi ƙafarsa ta karye."

Maigida ya dubi Tulu yana neman ceto. Tulu ya goge yatsunsa a wando ya ce, "Baba, in ba ka faɗa ba, ka nemi wani shaidan. Ni hannuna ba zai hau takardar nan ba. Shekara goma sha biyu ina cewa Barkono ne mai laifin a raina, Allah ya yafe mini."

Yaya ya ɗauka. "Lafiya?" Muryar nan tasa mai sanyi da ya keɓe mini ni kaɗai.

Tsohon ya karɓi wayar da hannu biyu. Ya faɗa. Ya so ya yi kwana, ya ce ƙaddara, na ce, "Baba, launin alli." Ya faɗi launin, ya faɗi wanda ya ara, ya faɗi dalilin da ya sa ya yi shiru. Mai gidan abinci da masu wanke-wanke duk sun fito bakin ƙofa suna ji, ban hana kowa ba.

Can Yaya ya ce, "Ba ni ƙanena."

"Ga ni, Yaya."

"Kuna ina?"

Na gaya masa.

"Riƙe mini su nan. Ina so su ga yadda nake tafiya."

Minti arba'in muka yi. Ɗan Gayu ya roƙe ni sifana sau uku, ya ce lauya zai tashi, na ce ya tashi mana. Haƙorin ya dawo da ciwonsa sabo, ban damu ba.

Tasi ta tsaya a tsallake. Yaya bai bari ta juyo da shi ba. Ya fito da sanda, sannan lafiyayyar ƙafar, sannan ya kamo ɗayar da hannu ya sauke ta. Ya shigo titi yana jan ta, motoci suka tsaya suna hon, bai ƙara sauri ba. Maigida ya so ya sunkuyar da kai, na ce, "A'a Baba, kalla." Suka kalla, tun daga wancan bakin titi har wannan.

Ya iso gabanmu. Ya miƙa wa Maigida sandar, tsohon ya karɓa bai san me zai yi da ita ba. Yaya ya ɗora hannunsa a kafaɗata, ya sakar mini nauyinsa duka, ya ce, "Auta, kai ni gida."