Jan Ruwa a Gonar Mahmudu

Wutar ta tashi ne a gonar maƙwabci, bayan la'asar, a bazarar 2004. An tara busassun ganyen dabino a gindin katanga, ga iska tana kaɗowa da zafi kamar daga bakin tanderu.

Mahmudu, wanda kakansa ya taso daga Damagaram a ƙasa ya yi Hajji ya zauna, yana da 'yar gonar dabino a bayan Madina. Ran nan mijin 'yarsa, Abdulwahab, injiniya a Yanbu, ya zo hutu. Suna shan shayi a rumfa suka hango hayaƙi.

Motocin kashe gobara sun iso, amma hanyar ta yi musu ƙunci, tiyo bai kai tsakiyar gonakin ba. Can sai ga jirgi mai saukar ungulu. Ya wuce ta kan wutar bai yi komai ba, ya karkato, ya yi ƙasa-ƙasa, ya saki wani jan ruwa mai kauri a kan layin dabinon Mahmudu na bakin iyaka, inda wuta ba ta ma iso ba.

"La haula!" in ji Mahmudu. "Makaho ne matuƙin nan? Ga wuta can, ya zo yana ɓata mini dabinon ajwa!"

"Da gangan ya yi, Baba," Abdulwahab ya ce. "Gaban wuta ake zubawa. Ruwa zalla bushewa yake nan da nan. Wannan ko ya bushe yana manne da ganye, ba ya barin sa ya kama da wuri. Launin kuwa don matuƙi ya ga inda ya tsaya ne, ya ɗora daga nan."

"Ya'ni zai kashe ta?"

"A'a. Gudu zai rage mata. Kashewa sai mutanen ƙasa."

Jirgin ya dawo ya ja layin har bakin kwatar ban ruwa. Mahmudu ya tsaya yana kallo, riƙe da kofin shayin da ya huce. Da wutar ta iso jan layin sai harshenta ya sauka, ta koma cin ciyawa tana rarrafe, hayaƙi ya yi fari. Nan 'yan kwana-kwana suka same ta da shebur da tiyon da suka harhaɗa. A gefe guda dai tartsatsi ya tsallake, ya cinye ɗakin injin ruwan Mahmudu da itatuwan da ke jikinsa.

Kafin magariba an gama. Dabinon layin iyaka zubar da shi aka yi, sauran gonar kuwa an girbe ta a kan lokaci.

Maƙwabcin, Rabo, bai tsira da komai ba sai kututture. Da lokacin sanyi ya shigo, Mahmudu ya sa aka ɓamɓaro ƙananan dabinan da suka tsiro a gindin manyan itatuwansa, aka loda a mota aka kai wa Rabo.

"Sai ka yi haƙuri, ɗan'uwa," Mahmudu ya ce masa. "Ba za su yi 'ya'ya da wuri ba, amma irin mai kyau ne."