Kirarin Baba a Filin Hawan Ƙaho

Daren jiya mafarki ya kai ni kallon hawan ƙaho, mu duka gidanmu. Damina ce, hanya duk laka, amma na lura takalman Baba ko ɗigo ba su ɗauka ba. Watansa bakwai da rasuwa. Babu wanda ya tayar da zancen. Inna ma kular dafa-duka ta miƙa masa ya riƙe, ya karɓa.

A ƙofar fili wata tunkiya ce zaune da tabarau tana tantance masu shiga. Ta dube ni ta saman gilashin.

"'Yar wane ce ke?"

"Babana ɗan kasuwa ne," na ce. Amsar da na shekara huɗu ina bayarwa ke nan a jami'a, don kada a ce 'yar mahauci.

Baba yana bayana. Ya sauya wa kular hannu, ya ce, "Wuce mana, Uwata, kin tare wa mutane hanya." Sunan mahaifiyarsa, Saude, aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da wani suna ba.

Sai ga mu a kan tabarma. An ɗaure wani girgije a turke yana yi mana inuwa, in ya gaji ya ɗan yi kuka. Kalangai na kaɗa kansu, makaɗan suna rataye a kafaɗunsu. Yayana Nalado yana ɓare dafaffen ƙwai, duk ɓawon da ya cire sai ya tarar da wani a ƙarƙashi.

Wani baƙin bijimin sa ya zo har bakin tabarmarmu ya durƙusa.

"Barka da hutawa, Jatau. Kai ka yanka kakana."

"Ni ne," in ji Baba.

"An ce hannunka bai yi rawa ba. To ga sharaɗin yau. Ka kama ƙahona. In naka suka yi maka kirari da sunanka kafin kalangu ya yi shiru, ka koma gida da su. In ba su yi ba, ka san hanya."

Baba ya naɗe hannun riga ya shiga fili. Ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume wuyan san, kamar yadda yake yi muna yara. San ya ɗaga shi sama, ya girgiza, ya zagaya da shi.

"Inna, ki kira sunansa!" na ce.

"Ke 'yar nan, shekara talatin ban faɗi sunan nan ba. Bakina bai san hanyarsa ba." Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Yaya Nalado ya samu ƙwan a ƙarshe, ya cika masa baki, sai nuna ni yake da hannu.

Na san kirarin tun ina goye. Na miƙe. Sai na hango ɗaya gefen filin: 'yan ajinmu ne gaba ɗaya, cikin rigunan yaye ɗalibai, kowa da biro, suna jiran su rubuta abin da zan faɗa. Na ce bari in gyara murya. Na ce bari su ɗan kau da kai. Yatsun Baba suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, bai kuwa dubi inda nake ba, don kada ya matsa mini.

Kalangu ya yi shiru.

San ya sauke shi a hankali, har da kaɗe masa riga da jela. Sai a lokacin muryata ta fito, da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"Jatau na Rundawa! Ƙaho ya san hannunka! Jatau uban Saude, mahauci ɗan mahauci!"

Filin babu kowa. Ina ta faɗa, ina ta faɗa.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni. Rana ta fito, maƙogwarona na zafi. Inna na tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ban san tun yaushe ba. Ta daɗe tana kallona, leɓenta na motsi kamar mai shirin faɗin wani suna. Sannan ta saki labule, ta juya.