Farfesun Manyan Baƙi

Shekara shida Jethro yana kiwon giwan ruwa huɗu a wani tafkin gwaji bayan Unguwar Boro, yana jiran su hayayyafa a zuba 'ya'yan a kogi, inda masunta suka daina ganin irinsu. A damunar 1986 matan suka ɗauki ƙwai. Sai ga shugabansa a mota.

"Baba Jethro, gobe manyan baƙi za su zo daga Legas. Kamo su, farfesu za a yi."

"Oga, sati biyu fa ya rage."

"Baƙi ba za su jira ba."

Shi da kansa ya ja taru. Washegari aka sa shi rabon kwanuka, babban baƙo na jawabi kan kare kifayen ƙasa. Aka miƙo masa nasa kason, ya ajiye a ƙasa ya tafi gida.