Jikokin Shinkafa

Riskuwa ya tsaya a bakin gonarsa a fadamar Gulma, hannuwa a baya, yana kallon shinkafar da ta ƙi zama abu ɗaya. Wata ta kai masa ƙugu, wata ko gwiwa ba ta kai ba. Nan zangarniya ta sunkuya ta fara ja, can kusa da ita wata ko ciki ba ta yi ba. In ya jira na baya su nuna, na gaba sun zube. In ya yanke yanzu, rabi ɗanye ne.

Bara ba haka ta yi ba. Bara ya sayo sabon iri a wani shago a Argungu, ya shuka, ta fito kai ɗaya kamar an bi ta da almakashi, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Da aka yi girbi ya yi abin da mahaifinsa ya koya masa: ya bi gona da kansa ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ya sussuke su daban, ya ɗure a buhu. Da gulbi ya cika ruwa ya fara lasar gindin rumbu, sai ya ɗauki buhunan ya kai Gwadangaji, cikin Birnin Kebbi, wurin Kefas.

Kefas mutumin Filato ne, mai gyaran injin ban ruwa. Sun daɗe tare. A gidansa ma 'yar Riskuwa, Ummi, take zaune tana karatun sakandare. To amma tun da shinkafar ta fara rarrabewa, wasu abubuwa suke ta dawo wa Riskuwa. Ranar da ya je ɗaukar irin, ɗinkin bakin buhu ɗaya ba nasa ba ne. Kefas ya ce ɓera ne ya huda, shi ya sake ɗinkewa. Ya faɗa yana dariya. Me ya kawo dariya? Sannan a bana ne Kefas, wanda bai taɓa riƙe lauje ba, ya karɓi aron fili ya yi shinkafa, kuma an ce ta yi kyau.

Ranar Asabar Ummi ta zo gida. Bayan la'asar ta kawo masa fura a gona, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Ummi," ya ce, bai dube ta ba, "in kin koma gobe, ki tattaro kayanki. Kin gama zama gidan nan."

"Baba, mi ya faru?"

"Ɗakin da anka aje buhunana, wa ke riƙe da makullinai?"

"Baba Kefas."

"Kin taɓa ganin ya buɗe?"

"Kullum yana buɗewa, kayan aikinai na ciki."

"To." Ya kurɓi fura. "Dibi gonag ga. An kwashe min iri na ƙwarai, an cika min da shara. Jibi in Allah ya kai mu zan same shi gaban shagonai, gaban mutane, in tambaye shi."

Ummi ta miƙe. Ta shiga cikin gonar, ruwa yana kai mata idon sawu, ta taɓa doguwa, ta taɓa gajera, ta murje wata zangarniya a tafin hannu. Sannan ta dawo.

"Baba, irin da ka saye bara, mai shago bai ce maka mai aure ne ba?"

"Ya hwaɗi wani abu haka. Na ɗauka daɗin baki ne na 'yan kasuwa."

"Wannan zangon shi muke yi a bayoloji. Shinkafa iri biyu daban anka haɗa, uwa daban uba daban, sunka haifi wadda ka saye. Kowace ƙwayar halitta a jikinta tana ɗauke da gado biyu, na uwa da na uba. Wani halin ya fito fili, wani ya ɓuya. Shi ya sa ɗiyan farko duk kamarsu ɗaya. Amma in ka aje irinsu ka sake shukawa, gadon sai ya sake rabuwa, wanda ya ɓuya ya fito. Waɗannan jikoki ne, Baba. Wani ya ɗauko kakanai dogo, wani ya ɗauko gajere."

Riskuwa ya dube ta a karon farko, ya daɗe yana dubanta.

"Tun kakana muke aje iri. Ba ta taɓa haihwa muna jikokin banza ba."

"Tamu ta gida ta daɗe tana auren kanta, gadonta biyun duk ɗaya ne. Ba abin da za ta ɓoye."

"Wa ya hwaɗa miki ki hwaɗa min haka?"

"Malamarmu ta..."

"Ko wanda kike cin tuwon gidanai?"

Idanunta suka kawo ruwa, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Baba, a aji an ce in kana zargin abu, ka nemo inda abin bai taɓa ba ka gwada. Duk irin ne ya je Gwadangaji? Ba wanda ya rage nan?"

Akwai. Kafin ruwa ya zo ya auna wa ƙanensa Tamba 'yan kwanoni daga buhunan, shi kuma ya rataye su a rufin ɗakinsa. Gonar Tamba tana can hanyar Argungu, kuma rabonsa da ita tun dashe. Sai yanzu ya lura cewa Tamba ma ya rage zuwa gaisuwa.

Ya tayar da babur, Ummi ta hau baya. Shi dai a ransa yana fatan ya tarar da gonar kai ɗaya, don ya san inda zai sa fushinsa.

Tun daga nesa ya hango ta: tudu da kwari, kore da ja. Tamba yana tsakiya yana korar tsuntsaye. Da ya gan su bai fito da sauri ba. Gaisuwar ma a tsaitsaye ya yi ta.

"Yaya, ashe za ka zo. Ina ta jira in ga ko kunya za ta bar ka."

"Kunyar mi?"

"Na roƙe ka irin da kowa ya gani gonarka. In ba ka son ba ni, sai ka ce ba ka badawa. Mi ya sa ka haɗa min da sharar masussuka? Har uwar ɗiyana na hana ta shiga gidanka."

Riskuwa ya buɗe baki. Ya so ya rantse, ya ce da hannunsa ya zaɓa, da hannunsa ya auna. Sai ya ga yadda Tamba yake kallon bakin nasa, yana jiran rantsuwar, ya riga ya shirya ƙin yarda da ita. Ya mai da bakinsa ya rufe.

Ya juya wajen 'yarsa.

"Zo ki hwaɗa wa baffanki zancen jikokin nan. A hankali, yadda za ya gane."

"Jikokin wa?" in ji Tamba. "Yaya, yarinya za ka sa ta wanke ka?"

"Ka dai saurara. In ta ƙare ka hau babur mu tai ka ga tawa gonar."

Ummi ta cire takalmanta, ta ɗage zanenta kaɗan. Kafin ta taka ruwan ta waiwayo.

"Baba, kayan nawa fa? In tattaro?"

Riskuwa yana kallon shinkafar Tamba, ba ita ba.

"Bar su inda suke," ya ce. "In kin koma ki gaishe min da Kefas. Kada ki ce mishi komi."